Yadda Ake Ƙera Agogon Bango na Katako

Agogon da na fara ƙerawa bai yi wata uku a bango ba. Ƙarshen damina aka sare wata bishiyar dogon yaro a layinmu a Tudun Wada ta Gombe, na roƙi gunduwa ɗaya mai faɗi, na goge ta, na shafa mata banish har tana ɗaukar ido, na sa inji na rataye a falo. Da hunturu ya kankama, wani dare muka ji ƙara kamar an karya kara. Da gari ya waye na tarar da tsaga tun daga cibiya har wajen ƙarfe huɗu, ƙaramin yatsana na shiga ciki. Injin kuwa yana ta tafiyarsa, ko a jikinsa.

Agogon da zan nuna maka mai da'ira ne, faɗinsa santimita 30, da injin batir. Injin sayen sa ake yi, aikinka shi ne katako, awo da huda. Kuma kusan duk awon yana fitowa ne daga huda ɗaya tak, wadda ke tsakiya. Idan ta zauna daidai, sauran aikin zai bi ta; idan ta goce, kowace lamba za ta goce tare da ita.

Inji tukuna, kafin katako

Sababbin shiga sukan fara da sayen falanki. Kar ka yi haka. Fara zuwa wajen masu gyaran agogo a Babbar Kasuwa ka sayi inji, domin tsawon wuyansa ne zai gaya maka kaurin da fuskar agogonka za ta yi.

Injin ɗan akwatin roba ne baƙi, kusan santimita 5.6 kowane gefe, kaurinsa wajen santimita 1.6, yana cin batir ɗaya irin na ƙaramar tocila mai ƙarfin bolt 1.5. A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz da ke kaɗawa sau 32,768 a sakan ɗaya, sai wata 'yar na'ura ta yi ta raba adadin biyu har sau 15, ya koma bugu ɗaya a sakan. Abin da kake buƙatar sani ke nan, sai kuma cewa ba a zuba masa mai, ba a buɗe shi.

Duba abu uku kafin ka biya. Na farko wuyan, wato wurin da noti ke hawa: auna tsawon zarensa da rula. Akwai gajere mai milimita 5 ko 6, akwai mai 12, akwai wanda ya kusa 20. Na biyu tafiyarsa: akwai mai ƙas-ƙas, akwai mai sulalewa shiru. In ɗakin kwana za a kai agogon, ɗauki mai shiru, domin katako yana ƙara wa ƙarar amo kamar ganga. Na uku hannaye. Saye su tare da injin, a gwada su a gabanka, saboda ramin hannun minti ba iri ɗaya ba ne: wani zagaye ne ana danna shi, wani mai tsawo ne ana ɗaure shi da ɗan noti. Ga agogon santimita 30, hannun minti ya kasance santimita 11 zuwa 12, na awa 8 zuwa 9. Ka tabbata an haɗo maka da washar roba, washar tagulla, noti da maratayi. A sa batir ka ga yana tafiya kafin ka bar rumfar.

In ba ka samu sabo ba, kusan kowane gida akwai mataccen agogon roba na rabon biki ko na kamfen da gilashinsa ya fashe amma injin lafiya lau. Cire shi. Sai dai irin wannan wuyansa gajere ne, wani ma ba shi da zare sam, don haka sai ka bi hanyar filawud da zan kawo a mataki na huɗu.

Katako

A Kasuwar Katako za ka tarar da jan katako da fari. Maɗaci shi ne zaɓina: launinsa ja mai duhu, yana karɓar cizal, yana yin sheƙi ko da mai kawai aka shafa. Kawo ya fi shi nauyi da tauri, ba ya yawan motsi, amma zai gajiyar da kai. Malaina fara ce mai sauƙin aiki, ta dace da agogon gwaji, kuma zanen wuta yana fitowa a kanta sosai. Dogon yaro ma yana da kyau idan ya bushe, ƙwari ba sa son sa. Ƙirya da kanya a bar su sai hannu ya faɗa, suna dakushe kayan aiki. Madobiya kuwa, wadda 'yan katako a Taraba ke kira Madrid, an yi mata saran wuce gona da iri, tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, ta sa wa ido. In ba guntun tsohon kaya ka samu ba, ƙyale ta.

Duk da haka, sunan itacen bai kai bushewarsa muhimmanci ba. Wani dattijon kafinta a Jekadafari da na kai wa agogona da ya tsage ya juya shi a hannu ya ce, "Ɗana, wannan ai da ransa ka rataye shi." Ya shiga bayan shago ya jawo min kan wani tsohon gado. Tun daga ranar nake neman tsofaffin ƙofofi, tebura da gadaje. Katakon da ya ga hunturu ashirin ya gama bushewa, motsin da ya rage masa kaɗan ne. Ka dai bincika shi da kyau saboda ɓoyayyun ƙusoshi, kuma in ka ga ƙananan ramuka suna zubar da gari, ƙwaro na ciki, ajiye shi.

Sauran kayan: zarto, cizal mai faɗin santimita 2 da gudumar katako, diril da bakinsa na milimita 3 da na 8 da wani mai faɗi in akwai, magagari, rula, sikwaya, fensir, ƙusa guda biyu, samfefa lamba 80, 120 da 220, farin gam na katako irin Top Bond, banish da tina, buroshi mai laushi, takunkumi. Jigso, wato ƙaramin zarton lantarki, na sauƙaƙa yankan da'ira amma ba dole ba ne.

1. Tabbatar katakon ya bushe

In sabon falanki ka saya, irin wanda ake kira wan-bai-tuwel, wato mai kaurin inci ɗaya da faɗin inci 12, yanke abin da kake buƙata ka ƙara santimita 10, ka shafe bakunan biyu da fenti ko gam, ka jingine shi a inuwa inda iska ke ratsawa ta kowane gefe. Kar ka shanya shi a rana don sauri, waje zai bushe ciki na jiƙe, ya kwanto kamar kwale-kwale. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne sikeli: auna nauyinsa, rubuta a jikinsa da fensir, ka maimaita duk mako. Ranar da ka ga mako biyu ko uku a jere nauyin bai ragu ba, ya isa aiki. A nan Gombe wanda aka ajiye a watan Nuwamba yakan yi saurin kaiwa, na watan Agusta kuwa sai haƙuri.

Gunduwa mai ɓawo, irin wadda ta ba ni kunya, tana da sha'awa amma tsagewa ɗabi'arta ce. Itace yana ƙanƙancewa ta zagaye kusan ninki biyu na yadda yake ƙanƙancewa daga ɓawo zuwa cibiya, to dole wani wuri ya buɗe. In ka nace sai ita, bar ta ta bushe a hankali ta gama tsagewarta, sannan ka cike tsagar da garin katako kwaɓe da gam.

Bayan ya bushe, kai shi wajen masu injin katako a wanke maka fuskokin biyu. Falankin inci ɗaya yakan dawo wajen santimita 2 zuwa 2.2.

2. Haɗa faɗi

Da wuya falanki ɗaya ya ba ka santimita 30 cif bayan wanki. Ko dai ka rage girman agogon, ko ka haɗa biyu su ba ka murabba'i mai santimita 32. Haɗin ma ya fi zama lafiya, domin falanki mai faɗi ya fi saurin lanƙwasa. Goge gefunan da za su haɗu har in ka ɗaga su ga haske ba ka ganin rana a tsakani. Duba bakin katakon, za ka ga zanen shekaru kamar baka. Juya ɗaya ya kalli sama, ɗaya ƙasa. Shafa gam, goga su da juna, ka matse. In babu abin matsewa, yanka tsohon tib na mashin ka naɗe su tamau, ka ɗora bulo a kai don kada su tashi. Goge gam ɗin da ya tsattsafo da jiƙaƙƙen tsumma nan take. In ya bushe a fuska, banish ba zai kama wurin ba, zai bar fari kamar tabo. Bar shi ya kwana.

3. Cibiya da rabon awanni

Nan ne za ka zauna ka natsu. Ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, mahaɗarsu ita ce cibiya. In layin gam ya ratsa ta daidai, babu laifi. Huda ta da bakin milimita 3 har ya ɓulla baya, ka tsayar da diril ɗin cak. Jingina sikwaya a gefensa, ko ka sa wani ya tsuguna ya duba maka. Kar ka buɗe ta zuwa milimita 8 yanzu. Ƙaramar hudar ce za ta riƙe ƙusar awonka, kuma ita ce za ta nuna maka cibiya ta baya.

Yanke shawarar inda jijiyar katakon za ta kalla, tsaye ko kwance. Ni na fi son ta tsaye. Ja layin 12 zuwa 6 ta kan cibiya, sannan layin 3 zuwa 9 ya gicciye shi da sikwaya. In babu sikwaya, ninka takarda biyu, ka sake ninkawa baki ya hau baki, kusurwar da ta fito daidai take.

Kar ka zana da'ira da zare da ƙusa, zare yana miƙewa. Sami siririn filawud ko tsohuwar rular katako, huda rami ɗaya na ƙusa, sai ramin fensir biyu: ɗaya a santimita 15, ɗaya a 12.5. Sa ƙusa a cibiya ka zagaya. Babbar da'irar ita ce bakin agogo, ƙaramar ita ce hanyar lambobi. Zana babbar a bayan katakon ma.

Tsakanin awa da awa digiri 30 ne, amma ba ka buƙatar ma'aunin digiri. Inda layukanka biyu suka yanki ƙaramar da'ira, ka riga ka sami 12, 3, 6 da 9. Yanzu cire ƙusar daga cibiya ka kafa tsininta a kan 12, fensir yana ramin 12.5 ɗin nan dai, ka yanki da'irar dama da hagu: ka sami 2 da 10. Kafa a kan 3, za ka sami 1 da 5. A kan 6, ga 4 da 8. A kan 9, ga 7 da 11. Shi ke nan, goma sha biyu sun cika. Bi su da rula ɗaya bayan ɗaya. Kowane tsakani ya kamata ya ba ka kusan santimita 6.5. In wani ya ba ka 6 wani 7, giciyenka ne bai daidaita ba, goge ka sake, kar ka ce ba za a lura ba. Ido yana yafe wa tebur, ba ya yafe wa agogo, domin hannun minti zai riƙa tona asirin kuskuren sau 24 kowace rana.

Danna tsinin ƙusa a kowane ɗigo ya ɗan shiga, saboda samfefa za ta share fensir. In kana son alamun minti, raba kowane tsakani biyar, wajen santimita 1.3. A agogon farko ban ba ka shawara ba. Kuma kafin ka ci gaba, kwafi wannan rabon a kwali ka ajiye, agogo na biyu ba sai ka sake lissafi ba.

4. Gurbin inji

Yi wannan tun katakon yana murabba'i, ya fi daɗin dannewa. Lissafin ɗaya ne: kaurin da zai rage a tsakiya shi ne tsawon zaren wuya a cire milimita 4, na washa da noti. In zaren milimita 12 ne, katakon da zai rage milimita 8 ke nan. In kaurin falankinka milimita 22 ne, za ka haƙa 14.

Kife katakon a kan tsumma. Zana murabba'i mai santimita 6 ko ɗan fi, amma ka lura, a wasu injuna wuyan ba a tsakiyar akwatin yake ba. Don haka ɗora injin a kan hudar ka zagaye shi da fensir maimakon ka aminta da rula. Bar wuri ta wajen batir inda babban yatsa zai shiga. Na taɓa yin gurbi cif-cif kamar an zuba, na yi ta alfahari, ranar canjin batir sai da na kwance hannaye da noti duka.

Naɗa salatif a bakin diril daidai zurfin da kake so, ka rage milimita 2. Yi ramuka da yawa a cikin zanen, kusa da kusa. In bakin mai faɗi ne mai tsini a gaba, tuna tsinin yana riga kafaɗun shiga. Da shi ake fasa fuska. Sannan ka sare iyakar zanen da cizal a tsaye, ka riƙa ɗebe tsakiya kaɗan-kaɗan. Hannayenka biyu su kasance a bayan kaifin, kar ka taɓa tare katako da hannu a gaban cizal. Don sanin abin da ya rage, zura tsinken tsintsiya ta ƙaramar hudar, ka kama da farce, ka auna.

Ƙasan gurbin ya kwanta sumul, zurfi ɗaya a kusurwoyi huɗu. Mutane kan raina wannan saboda ba a gani. Amma a kansa injin ke zama; in gefe ɗaya ya fi tudu, wuyan zai karkata, hannun minti ya riƙa shafar katako a wajen 3 yana tashi sama a wajen 9. Idan ka gama, juya fuska sama, sa tarkacen katako a cikin gurbin ya tokare, ka buɗe cibiya da bakin milimita 8 daga fuska. In wuyan ya ƙi shiga, naɗa samfefa a fensir ka ɗan faɗaɗa.

In tsautsayi ya sa cizal ya ɓulla, kar ka jefar. Yanka faifan fata ko siririn katako mai wani launi ka manna a tsakiya, zai zama ado. In kuma ba ka da cizal, ko injinka mai gajeren wuya ne, yi fuskar da siririn filawud wanda wuyan zai iya ratsawa har noti ya hau, ka manna masa firam na katako mai kaurin santimita 2 ta baya, injin ya zauna a tsakani. Mara zare sai a riƙe shi da ɗigon gam a kusurwoyi.

5. Yankan da'ira

Da jigso, yanka ta baya, domin haƙoransa suna tsattsage fuskar da ke sama. Bi wajen layi, ka bar milimita 2. Da zarton hannu kuwa, sare kusurwoyi huɗu ya zama mai gefe takwas, sare takwas ɗin ya zama sha shida, sai magagari ya ƙarasa. Magagarin ya riƙa tafiya daga fuska zuwa baya. Ba kuma dole sai da'ira ba. Mai gefe takwas yana da kyau a haka, kuma agogon da aka fi roƙo na a kansa mai siffar allo ne, da kansa da ƙafafunsa, na yi wa wani malamin tsangaya.

6. Guga

Lamba 80, sai 120, sai 220, kar ka tsallake. Naɗa samfefar a guntun katako, ka bi jijiya; in ka gicciye ta, ƙarcen zai ɓuya sai ka shafa banish ya fito fili. Kafin ta ƙarshe, shafa jiƙaƙƙen tsumma, bari ya bushe, gashin da ya tashi ka kwantar da shi. Kashe kaifin baki kaɗan. Sa takunkumi, ƙurar maɗaci tana sa atishawa da ƙaiƙayin maƙogwaro.

7. Lambobi da ado

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙusoshin kujera masu kan tagulla: guda ɗaya a kowace awa, biyu a 12. Fara huda musu da ƙaramin baki kada su lanƙwashe. Wadda ta fi ta kyau ita ce ka huda ramin milimita 8 mai zurfin 5 a kowane ɗigo, ka dasa turken farin katako a cikin ja da gam, ka yanke, ka goge ya yi daidai da fuska.

Wadda na fi so ita ce wuta, irin yadda masu zanen ƙwarya ke yi. Fere bakin doguwar ƙusa, kafa ta a ƙotar katako, ka sa a garwashin gawayi. Tanadi biyu, ɗaya na wuta ɗaya na hannu. Ƙarfen sodar masu gyaran rediyo ma yana yi in akwai wutar lantarki. Rubuta lambar da fensir tukuna, ka gwada zafin a tarkace, ka ja da sauri-sauri; in ka tsaya wuri ɗaya zai ci rami. Lambobin su tsaya a tsaye, kuma tsakiyar kowace ta hau ɗigonta. 10, 11 da 12 su ke ruɗin mutane saboda harafi biyu ne. Na boko, na Larabci, duk ɗaya, zagayen dai ta dama ne. In na Romawa ka zaɓa, za ka ga agoguna da yawa suna rubuta huɗu da IIII, ba kuskure ba ne, tsohuwar al'adar maƙera agogo ce. Kar ka ƙona katakon da aka shafa wa banish ko maganin gara, haka MDF, wato falankin garin katako da aka matse da gam, hayaƙinsu guba ne.

Dagin Arewa a tsakiya yana ƙawatarwa, amma kada ya wuce faɗin santimita 10. In zane ya cika fuska, daga bakin ƙofa ba za a gane hannaye ba. Haka launi: jan katako yana son hannaye farare ko ruwan zinare, farin katako yana son baƙaƙe.

8. Shafe

Sirka shafin farko da tina ya yi ruwa-ruwa katako ya sha. Bari ya bushe, shafa 220 sama-sama, ka ƙara biyu marasa kauri. Duk abin da ka yi wa gaba ka yi wa baya da cikin gurbi. In ka rufe fuska ɗaya ka bar ɗaya, wadda ke buɗe za ta sha laimar Agusta ita kaɗai, agogon ya lanƙwashe. Da hunturu, yi shafen da sassafe a cikin ɗaki, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka kifa babban kwali a kai. Toshe cibiya da takarda kada banish ya taru a ciki. Banish mai tsananin ƙyalli yana mayar da hasken ƙwan lantarki, ni na fi son mai dishi-dishi.

In babu banish, kakin zuma da aka narkar a ɗan man linsid yana ba da sheƙi mai taushi. Tsumman da ya sha linsid kar a dunƙule shi a jefa a lungu, yana iya kama wuta da kansa. Shanya shi a buɗe ko ka tsoma a ruwa. Man gyaɗa yana ɗoyi ya jawo kiyashi. Baƙin man mota kuma na katakon rufi ne, ba na abin da za a kai falo ba.

9. Ɗaura inji da hannaye

Bari shafen ya kwana biyu. Sa maratayi da washar roba a wuyan, zura ta baya, sa washar tagulla ta gaba, ɗaura noti da yatsu, ka ƙara ɗan kaɗan da filaya. Kar ka murɗe da ƙarfi, akwatin roba ne, in ya matsu haƙoran ciki za su cije.

Hannun awa shi ne farko: saita shi a kan 12, danna gindinsa da yatsu biyu, ba tsakiyarsa ba. Sai na minti, shi ma a 12. Sai na sakan ko ɗan murfi. Ɗaga agogon daidai idonka ka kalle shi ta gefe: hannayen su yi layi kamar shimfiɗa, da 'yar rata tsakanin kowanne. Wanda ya karkace, lanƙwasa shi a hankali daga kusa da gindi. Yanzu juya ɗan faifan saiti da ke baya, ka zagaya awa goma sha biyu cur. A ƙarfe 3, 6 da 9, in na minti yana kan 12, na awa ya tsaya cak a kan lambarsa. In ya goce, cire su ka sake. Da faifan baya ake saita lokaci kullum, ba a tura hannu da yatsa.

Da yake agogon ba shi da gilashi, ni nakan bar hannun sakan a gidan da ke da yara, shi ne ya fi jan hankalinsu kuma shi ya fi saurin lanƙwashewa. Kar ka yi wa ƙaramin inji hannayen katako masu kauri. In kana son babban agogo na masallaci ko makaranta, mai hannun da ya wuce santimita 15, nemi inji mai ƙarfi da aka yi don dogayen hannaye.

Sa sabon batir, ka jingine agogon a tsaye, ka saita shi da wayarka, ya kwana ya wuni. A kwance ba ya nuna matsala, domin hannun ba ya hawan tudu. In ka ga na sakan yana rawa a wuri ɗaya wajen ƙarfe 9, ko batir ne ya yi sanyi, ko hannaye na gugar juna, ko noti ya matsu. Batirin caji ƙarfinsa bolt 1.2 ne, wasu injuna ba sa jituwa da shi. Lafiyayyen inji bai kamata ya ɓata fiye da kusan rabin minti a wata ba.

10. Ratayewa

Maratayin da ke jikin inji na agogon roba ne da filawud. Falankin maɗaci ko kawo ya fi ƙarfinsa. Ɗaura maratayin ƙarfe a jikin katakon da sukurori biyu gajeru, a kan layin 12 daidai. In ya kauce ko da kaɗan, agogon zai riƙa kallon gefe. Auna tsawon sukurorin kada su leƙo ta fuska. In injin ya ɗan fito daga gurbi, manna guntayen roba ko katako uku a baya su ɗaga shi daga bango, iska ma ta samu hanya.

A bangon bulo yi amfani da ƙusar kankare ko fisha, wato ɗan robar da ake cusawa a ramin bango, da sukuru, kan ya ɗan kalli sama. A bangon ƙasa sa doguwar ƙusa, ka riƙa ɗaga agogon kana duba bayansa saboda gara. Guji bangon da ke tsattsafo da damina, da wanda rana ke duka ta taga da yamma, da kusa da murhu. Ƙura kuwa da busasshen buroshi mai laushi ake kaɗe ta, daga gindin hannu zuwa tsini. Batir yakan yi wajen shekara. Rubuta watan da ka sa shi da fensir a bayan katakon, kuma da zarar agogon ya tsaya ka cire shi, domin in ya kwana biyu a ciki yana zubar da farin gishiri ya cinye ƙarfen da ke taɓa shi. In hakan ta riga ta faru, kankare wurin da guntuwar samfefa 220 har ƙarfen ya yi haske, ka sa sabo ka gani kafin ka sayi wani injin.